RAYUWA BAYAN BUGUN ZUCIYA DA TIYATAR ZUCIYA: ABIN DA YA KAMATA 'YAN DOSARA SU SANI

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara



GABATARWA

Bayan godiya ga Allah da ya sake haɗa fuskokinmu, muna miƙa godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba kwamitinmu damar tsayawa a gabanku. Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan babu taron da za mu yi ba a ambaci wani ɗan'uwa da ciwon zuciya ya kayar ba, ko dai a Gusau, ko Sakkwato, ko Kano, ko Kaduna, ko Abuja. Wasu Allah ya karɓi abinsa nan take. Wasu kuwa an garzaya da su asibiti, an tara musu gudummawa, an yi musu aiki a Abuja ko Legas ko Indiya ko Masar, sun dawo gida da ƙafarsu.

A al'adar jama'a, da zarar majinyaci ya sauka daga jirgi, an je an yi masa barka da arziki, sai a ɗauka magana ta ƙare. A wajen likitocin zuciya kuwa, ranar sallama daga asibiti ita ce ranar da rabi na biyu na jinya yake farawa. Abin da mutum zai yi a watanni uku zuwa shida na farko shi ne zai nuna ko kuɗin da aka kashe za su yi amfani, ko kuma za a sake komawa gidan jiya. Wannan rabi na biyu, wato farfaɗo da mai ciwon zuciya, shi ne abin da muke so mu yi tsokaci a kansa yau.

MENE NE BUGUN ZUCIYA?

Zuciya tsoka ce da ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya ko da mutum yana zaune. Ita ma tana bukatar nata abincin, wanda ke zuwa mata ta wasu jijiyoyi da suka kewaye ta. Duk wanda ya taso a yankinmu ya san yadda ruwan madatsar Bakolori ke bin manyan magudanai ya shiga ƙanana kafin ya isa gonakin shinkafa. Idan laka da ciyawa suka taru a magudana, gonar da ke can ƙarshe ita ke fara bushewa. Haka abin yake ga zuciya. Kitse yakan taru a bangon jijiya shekara da shekaru ba tare da mutum ya sani ba. Ranar da wannan tarin kitse ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya, sashen tsokar da ke dogaro da wannan jijiya sai ya fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki, wanda yake faruwa a ƙwaƙwalwa, ko da yake mafarinsu kusan ɗaya ne.

Likitoci suna buɗe hanyar da ta toshe ta hanyoyi uku. Akwai allurar narkar da gudan jini. Akwai zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe wurin, a bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira siten domin kada ya sake tsukewa. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya ta wannan hanya a birnin Zurich a shekarar 1977. Sai kuma babbar tiyata, inda ake tsaga ƙashin ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji a kewaye wurin da ya toshe, kamar yadda ake yi wa gari baifas. Akwai kuma tiyatar sauya ƙyauren zuciya, wadda ta fi shafar matasanmu da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa zuciya. A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu a shekarar 1974, tare da Farfesa Fabian Udekwu da shahararren likitan nan ɗan asalin Masar, Magdi Yacoub.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ayyuka gyaran hanya ne kawai. Cutar da ta tara kitsen tana nan a jiki, kuma za ta ci gaba da aikinta a sauran jijiyoyi matuƙar ba a taka mata birki ba.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MAZAUNA BIRANE?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. A da, likitocin Nijeriya sukan daɗe ba su ga mai bugun zuciya ba, har ake yi masa kallon ciwon Turawa. Yanzu labari ya sha bamban. Wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta ya tattara bayanan majinyata 1,072 daga asibitocin ƙasar nan tsakanin 2013 da 2018. Ya gano cewa mafi yawansu suna da hawan jini, kuma da yawansu sun isa asibiti a makare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iyayenmu a Dosara da Maradun da Bakura sun yi rayuwarsu tsakanin gona da fadama da kasuwa, da ƙafa ko bisa jaki ko keke, abincinsu tuwon dawa da miyar kuka da fura. Mu kuwa daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis ko ta shago, ga farar shinkafa da soye-soye da lemon kwalba, ga tsire da balangu kowane dare, ga kuma tunanin haya da kuɗin makaranta. Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas na birnin Landan, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocinsu da ke hawa da sauka a matakala. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Yawancinmu a yau rayuwar direban muke yi.

KWANCIYA BA JINYA BA CE

A nan ne al'adarmu ta tausayi take cin karo da ilimin likita. Idan maigida ya dawo daga asibiti, sai a shimfiɗa masa katifa a falo, a hana shi ko ɗaukar buta, a riƙa kawo masa farfesu da kaji, baƙi na shiga suna fita tun safe har dare. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai sakamakon ba ya kyau.

Su kansu likitocin Turai da Amurka sun taɓa yin haka. Har zuwa wajen 1950, wanda ya samu bugun zuciya sai ya yi mako shida a kwance, ana ba shi abinci a baki. Da yawa suka mutu saboda daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu, waɗanda kwanciyar ce ta jawo su. A farkon shekarun 1950 likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka fara zaunar da majinyata a kujera tun kwanakin farko, sai aka ga sun fi saurin murmurewa. A 1955 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya samu bugun zuciya yana kan mulki. Likitansa Paul Dudley White ya ƙarfafa masa guiwa ya koma motsa jiki da aiki, ya kuma sake cin zaɓe a 1956, ya kammala wa'adinsa. A 1966 kuma aka kwantar da samari biyar lafiyayyu a birnin Dallas na tsawon mako uku ba tare da sun tashi ba. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfin zuciya. Idan haka ta faru ga lafiyayyen saurayi, ina ga dattijon da ya fito daga tiyata?

Daga nan ne aka samar da tsarin farfaɗo da masu ciwon zuciya, wanda ya haɗa motsa jiki bisa kulawa, da ilimantarwa kan magani da abinci, da kula da halin da ran majinyaci yake ciki. A ƙasashen da tsarin ya kafu, majinyaci yakan je sau biyu ko uku a mako har tsawon wata uku. Wani nazari da aka fitar a 2021, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 85 da mutum sama da 23,000, ya nuna cewa masu bin wannan tsari ba su cika sake samun bugun zuciya ko sake kwanciya asibiti kamar waɗanda ba su bi ba. Cibiyoyin da suka keɓanta da wannan aiki ba su da yawa a ƙasarmu, amma an tabbatar da cewa tsarin da ake bi a gida bisa jagorancin likita shi ma yana da amfani ƙwarai. Saboda haka babu wanda rashin cibiya zai zame wa hujja.

MATAKAN FARFAƊOWA

Mataki na farko yana farawa tun a gadon asibiti. Kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki sukan zaunar da majinyaci, su koya masa jan numfashi mai zurfi da yin tari yana rungume da matashi a ƙirji, sannan su fara tattaki da shi a baranda. Kafin a baro asibiti, wajibi ne iyali su karɓi takardar sallama mai ɗauke da sunan aikin da aka yi, da jerin magunguna, da ranar dawowa. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya tabbata ya dawo da dukkan takardunsa, ya kuma kai su ga likitan zuciya a gida cikin mako biyu, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya. Likitan Indiya ba zai biyo ka Samaru ko Tudun Wada ba.

Mataki na biyu shi ne makonni shida zuwa goma sha biyu na farko a gida, kuma ginshiƙinsa tafiya da ƙafa. A fara da minti 5 zuwa 10 a fili marar tudu, sau biyu a rana, a riƙa ƙara minti kaɗan duk bayan 'yan kwanaki, har a kai minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Ma'aunin da ba ya bukatar na'ura shi ne magana: idan kana tafiya kana iya hira da abokin tafiyarka, ka yi daidai; idan numfashi ya hana ka haɗa jimla, ka rage sauri. A ƙasarmu mai zafi, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. A lokacin hunturu kuma a jira rana ta ɗan fito, domin sanyi yana tsuke jijiyoyi. Kada a fita tafiya nan da nan bayan cin abinci mai nauyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda aka tsaga wa ƙirji yana da ƙarin sharuɗɗa, domin ƙashin yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, wani ma har mako goma sha biyu. A wannan lokaci kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5, wato ko bokitin ruwa ko jika mai wayo bai halatta ba. Kada ya ja janareto, kada ya tura mota, kada ya ja guga, kada ya yi tuƙi ko ya hau babur sai likita ya yarje masa. Tashi daga ƙasa da dogara hannu yana takura ƙashin, don haka malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya na yin salla a zaune har ya samu ƙarfi.

Mataki na uku ba shi da ranar ƙarewa. Shi ne mayar da sabon tsarin ya zama ɗabi'a har ƙarshen rayuwa. Mafi yawan ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa sukan koma bakin aiki cikin wata ɗaya zuwa uku. Masu aikin ƙarfi da direbobin manyan motoci sai an sake auna su tukuna.

MAGANI BA A YANKE SHI

Babban abin da ke mayar da mutanenmu asibiti shi ne yanke magani. Mutum ya ji sauƙi, ko kuɗi sun yi wuya, ko wani a majalisa ya ce masa maganin Bature yana kashe ƙoda, sai ya ajiye. Ya kamata a fahimci aikin kowane ɗaya. Asfirin da abokinsa, irin su kulofidogirel, suna hana jini daskarewa a kan siten. Galibi ana haɗa su har tsawon shekara guda bayan bugun zuciya, kuma wanda ya yanke su da kansa a watannin farko yana iya toshe siten ɗin cikin 'yan kwanaki. Maganin rage kitsen jini, wanda ake kira sitatin, yana hana sabon tari ya taru. Akwai masu rage saurin bugawar zuciya domin ta huta, akwai masu sauke hawan jini su kuma hana zuciya buɗewa. Jin sauƙi alama ce ta cewa maganin yana aiki, don haka dalili ne na ci gaba da sha.

Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha wafarin har abada, tare da gwajin jini a kai a kai domin daidaita adadinsa. Ganyaye irin su zogale da alayyafo suna rage ƙarfin wannan magani. Ba a ce a daina cin su ba, amma a riƙa ci daidai gwargwado kullum, kada yau a cika kwano gobe a yi wata ba a taɓa ba. Matashiyar da ke shan wafarin ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya cutar da ɗan tayi.

Akwai abubuwa uku da muke jan kunne a kansu. Na ɗaya, magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su ibufurofen da daikulofenak, suna da haɗari ga mai ciwon zuciya. Na biyu, jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa, waɗanda babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Na uku, kuma a gafarce mu domin wuri ne na manya, magungunan ƙarfin maza. Haɗa su da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe yana iya faɗar da jini warwas har ya kai ga rasa rai. Game da hakkin iyali kuwa, ƙa'idar likitoci ita ce wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko haki ba, galibi ya isa ya koma ga iyalinsa. Tambayar likita a kan wannan ba abin kunya ba ne.

ABINCI, TABA DA AZUMI

Abincin da likitocin zuciya ke yabawa ya fi kama da na kakanninmu. Gero da dawa da masara da ba a cire musu dusa duka ba, wake, kuka, kuɓewa, rama, zogale, kabewa, da kifi irin wanda masuntanmu ke kamawa. Abin da za a rage shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi da taliyar leda. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wannan fanni. Iyayenmu mata za su iya mayar da ɗanɗanon miya da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. A rage man shanu da kitse da kayan ciki, a rage sukari a shayi da fura. Zai fi sauƙi idan gidan gaba ɗaya ya koma tukunya ɗaya, domin wanda aka ware wa kwanon lami shi kaɗai ba ya daɗewa bai saci hanyar mai tsire ba.

Taba kuwa babu ragi a cikinta, sai bari. Bincike ya nuna cewa mai ciwon zuciyar da ya daina shan sigari yana rage haɗarin mutuwarsa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Shisha da matasanmu suka runguma a birane ita ma taba ce. Haka nan a riƙa auna jini a gida, a rubuta a littafi. Abin da ake nema ga mafi yawan majinyata shi ne ƙasa da 130 bisa 80. Mai ciwon suga ya riƙe nasa ma'aunin da muhimmanci.

Game da azumin watan Ramadan, likitoci suna ba wanda bai wuce mako shida da bugun zuciya ko tiyata ba, da wanda zuciyarsa ta gaza sosai, shawarar ya jinkirta. Wanda ya daɗe da samun sauƙi yakan iya yi, amma ya je wurin likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa lokutan magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Mai niyyar aikin Hajji ko Umara shi ma ya nemi a auna shi kafin ya biya kuɗin kujera.

CIWON DA BA A GANI

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka samu bugun zuciya sukan faɗa cikin matsananciyar damuwa. Magidancin da ya saba ɗaukar nauyin gida biyu, na birni da na Dosara, sai ya wayi gari ana yi masa komai. Barci ya ƙaurace, fushi ya yi yawa, ko ya yi shiru ya daina shiga mutane, ga tsoron kowane motsi a ƙirji. Ƙari a kan haka, matsalar tsaro da ta addabi yankinmu ta sa da yawanmu kwana da waya a hannu, muna jiran labarin gida. Wannan damuwa tana hana shan magani, tana hana motsa jiki, tana kuma ƙara haɗarin dawowar ciwon. Tana da magani, kuma faɗa wa likita ba raunin imani ba ne. Masu zuwa dubiya su taƙaita zama, su bar labarin wane da wane da irin wannan ciwo ya kashe, kada kuma su zo da sabuwar matsalar kuɗi su ajiye a gaban majinyaci.

IYAYENMU MATA

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan na kowa ne. Akwai gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma yana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Likitoci Davidson da Parry sun yi rubutu a kanta a Zariya tun shekarun 1970, inda suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka fitar a 2020, ya samu kimanin mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96 a wannan shiyya. Ya kuma nuna cewa rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki su ne suka fi alaƙa da ciwon. Ko ma mene ne mafari, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, asibiti za a kai ta, a kuma dakatar da kanwa. Da yawa sukan warke idan sun riƙe magani, amma sake ɗaukar ciki kafin hoton zuciya ya nuna ta koma daidai yana iya zama ajali. A nan haƙurin maigida da fahimtar uwar miji su ne rabin magani.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, ko mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, suma, bugawar zuciya barkatai, ƙaruwar nauyin jiki da kilo 2 cikin kwana uku tare da kumburi, zazzaɓi ko ruwa daga wurin ɗinki, baƙin bayan gida ko jinin da ya ƙi tsayawa. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin, sai kasala da amai da abin da suke ɗauka olsa ce. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, kuma kada ya tuƙa kansa. Wanda ke gida, babban asibitin Maradun ko na Talata Mafara shi ne zangon farko kafin a wuce gaba. Kowace sa'a da aka ɓata, wani sashe ne na tsokar zuciya da ba zai dawo ba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

1. Duk lokacin da za a tara gudummawar tiyata, a ware wani kaso na maganin shekara guda da kuɗin zuwa ganin likita.

2. Kowane reshe ya sayi na'urar auna jini da ta auna suga, a riƙa auna mambobi kafin a fara taron wata-wata.

3. Kowane reshe ya naɗa mutum biyu da za su riƙa raka wanda ya dawo daga jinya tattakin safe na wata uku. Zumunta a ƙafa take.

4. 'Ya'yan Dosara likitoci da nas-nas da masu haɗa magunguna su ba sakatariya sunayensu, domin a san wanda za a kira idan ta taso.

5. A ƙarfafa wa mambobi shiga inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa, ko ta tarayya ko ta jiha.

6. Idan hali ya yi, a shirya ranar auna jini kyauta a gida, a kuma wayar da kan iyaye cewa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga yaro yana bukatar cikakken magani daga asibiti, domin kare ƙyauren zuciyarsa.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, mutumin da ya tsira daga bugun zuciya yana iya ƙara shekaru masu yawa yana aiki, yana aurar da 'ya'yansa, yana halartar wannan taro tare da mu. Sharaɗin shi ne ya tashi ya taka, ya riƙe maganinsa, ya gyara tukunyarsa, ya bar taba, ya kuma samu 'yan'uwan da za su tsaya masa bayan an gama barka da arziki. Garinmu yana cikin lokacin da yake bukatar kowane ɗansa mai ilimi da mai hali, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowa da ke wannan zaure da ya haura shekara 40 ya auna jininsa kafin ƙarshen wannan wata, ya kuma kai wannan saƙo ga iyalinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Dosara da jihar Zamfara lafiya, ya mayar da kowa gidansa lami lafiya.